Ɗigo Ɗaya a Kilomita Huɗu

Ƙarfe tara na dare a Pokhara,
ruwan damina na dukan kwanon ofis.
Shayina ya huce har ya yi yana a sama,
ni kuwa ina zaune gaban allo
da hanyar da ta ƙi kwanciya.

Ja shi ne yanka, kore shi ne ciko,
iyakar yaren da manhajar ta iya ke nan.
Tun daga bakin gada suke tafe kafaɗa da kafaɗa:
abin da katafila ta yaga daga tudu
tifa ta juye a kwari,
ba bashi, ba rara.
Sai da muka gota kilomita huɗu da mita ɗari uku
ja ya tashi da hauka.
Gangarar yanka ta miƙe sama tana laluben ƙasa,
ta lissafo mini tifa ɗari biyu da sittin
a wurin da na taka da ƙafata a watan jiya,
ko numfashina bai sauya ba.

Na duba karkatar gefe: ɗaya bisa ɗaya da rabi, lafiya lau.
Na duba faɗin kwalta, na duba lambatu.
Na ce ta sake lissafi. Ta sake. Ja.
Na kashe kwamfutar, na kunna,
kamar mai tashin yaro ya sake karanto abin da bai iya ba.
Ja.

Ruwa dai ba ya tsami banza.
Na kwaɓe wa ƙasar rigarta,
na bar ragar alwatika tsirara a kan allo,
dubban zaruruwa, ɗigo riƙe da ɗigo.
Can na gan shi:
ɗaya tilo ya ɗara 'yan'uwansa da mita huɗu,
ya ja zaruruwan sama kamar dirkar tanti.

Na kira Dilbahadur Gharti, safiyonmu.
Sai da wayar ta yi ƙara shida ya ɗauka,
bakinsa cike da shinkafa.
Na karanta masa lambar ɗigon. Ya yi shiru,
sannan dariya ta ƙwace masa.
Ya ce, "Sarmila, ai wannan ba tudu ba ne,
rufin garken ɓaunar Inna Phulmaya ne.
Gora ta tare mini gani, na hau da sandar awo,
tsohuwar na ƙasa tana zagina.
Na manta ban goge ba."

Dannawa ɗaya na goge shi.
Tudun ya faɗi ba ƙura, ba ƙara.
Ja ya janye, kore ya shimfiɗu,
lissafi ya zauna daram.
Da na rufe na tafi gida.

Sai dai idona ya bi inda ƙafar cikon ta sauka.
Ta rufe garken.
Ta haɗiye matakala uku na gonar tamba,
waɗanda aka jera duwatsunsu da hannu
tun kafin a haifi uwata.
Manhajar ba ta ce uffan ba,
a wurinta ƙasa ƙasa ce.
Ɗigon nan da na kira kuskure
shi kaɗai ne ya ɗaga murya
ya ce akwai mai zama a nan.

Na kama layin tsakiya na matsar da shi mita biyu wajen dutse.
Ja ya ɗan ƙaru, wannan karon da sanina.
Na dasa katangar dutse cikin ragar waya,
tsawon mita talatin, a ƙasan kwana.

Gobe Bastola zai sauke tabarau ya tambayi kuɗin katangar,
ban san abin da zan ce masa ba tukuna.
Na adana aikin da sabon suna,
na zubar da shayin ta taga,
na tsaya jiran ruwa ya tsagaita.